Kerestir: ƙauyen malamin Yahudawan da ake rataye hotonsa don korar ɓeraye

Kerestir suna ne da Yahudawa ke kiran wani ƙauye a arewa maso gabashin ƙasar Hangari. A taswira da jikin tikiti Bodrogkeresztúr za ka gani. Mutanensa ba su fi dubu ɗaya da 'yan kai ba, yana bakin kogin Bodrog, gonakin inabi sun kewaye shi ta ko'ina. Daga Debrecen, inda ɗalibanmu 'yan Najeriya suka yi yawa, jirgin ƙasa ake shiga a bi ta Nyíregyháza a sauka Tokaj, daga nan saura kilomita shida zuwa bakwai. Wanda ya taso daga Budapest kuwa ya ware wa hanya kamar awa uku.

A cikin jirgin wani mai duba tikiti ya tsaya a kaina ya karɓi tikitin da katin shaida, ya juya gaba ya juya baya, ya yi ta magana da harshensu yana ɗaga murya, alhali na kusa da ni ko kallon nasu bai yi da kyau ba. Da ya rasa abin kamawa ya jefo mini katin a cinya ya wuce. A Tokaj kuma direban tasi ya yanka kuɗin da ya kusa ninka na jirgin gaba ɗaya, don tafiyar da ba ta kai minti goma sha biyar ba. Na taya, ya dube ni kamar na zage shi. Can ba a ciniki. Su ma direbobin sun gane cewa masu zuwa Kerestir daga Amurka da Isra'ila da Ingila suke, da dala a aljihu, sai farashi ya bi su. Akwai motar bas mai arha, amma sai ka duba lokacinta tun kafin ka baro gida, don ba ta yawan zuwa.

Wanda ake zuwa dominsa shi ne Yeshaya Steiner, mabiyansa na ce masa Reb Shayale. An haife shi a 1851 a Zborov, cikin Silobakiya ta yanzu, ya rasu a 1925. Ya tashi maraya, yana ɗan shekara 12 uwarsa ta kai shi wurin Tzvi Hirsch na Liska, ya zama mai yi masa hidima har shehin ya rasu a 1874. Bayan nan Reb Shayale ya zauna da Chaim Halberstam na Sanz, sannan da Mordechai na Nadvorna, wanda shi ne ya ba shi shawarar ya zauna a Kerestir. Duk shehunan Hasidim ne, wato ɗariƙar Yahudawa da ta taso a gabashin Turai a hannun Baal Shem Tov, wanda ya rasu a 1760. Tsarinsu shehi da muridai ne: kowane gida da shehinsa, suna ce masa rebe, kuma sun yi imani addu'ar mutumin kirki da abin da ya taɓa suna ɗauke da albarka ko bayan ransa. Reb Shayale bai yi suna da rubuta littattafai ba. Da ciyarwa ya yi suna. Ana ba da labarin cewa ko a kan gadon mutuwarsa abin da ya dame shi shi ne a ɗora tukunya, don masu zuwa jana'iza za su iso da yunwa.

Gidansa na kan titin Kossuth, zuriyarsa ne ke riƙe da shi yanzu, kuma har yau ana ciyar da duk wanda ya shigo. Ina tsaye bakin ƙofa ina tunanin ko baƙo irina na da hurumin shiga, sai wani mai aikin girki mai dogon gemu ya hango ni ya yafito ni da hannu. Bai tambayi addinina ba sai da ya zaunar da ni ya ajiye faranti. Da na ce Musulmi ne daga Najeriya, cewa ya yi to babu alade a gidan nan tun da aka gina shi, ci ka ƙoshi. Ya kawo burodi, kifi, da wani abincinsu da suke kira kugel: dankalin turawa ake gurzawa a haɗa da ƙwai da albasa da mai a gasa har bayansa ya yi ja. Ya ƙara shayi da kek. Na ciro kuɗi ya ture hannuna, ya nuna akwatin sadaka a gefe, in na ga dama. Nan ne kaɗai a duk tafiyar na ji ƙanshin karamcin gida.

Hoton yana ko'ina. A bangon ɗakin cin abinci, a ɗakin girki, a jikin maƙallin makulli, a gilashin motocin baƙi. Dattijo ne mai farin gemu, kansa a ɗan sunkuye. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne korar ɓeraye. Labarin da suke bayarwa shi ne wani mai sito ya zo masa da kukan ɓeraye na cinye masa hatsi, shehin ya tambaye shi ko akwai mai zaluntar Yahudawa a garinsu, ya ce akwai, sai ya ce je ka gaya wa ɓerayen su koma gidan wancan. Aka ce kafin gari ya waye sito ya zama wayam. Daga nan masu shagon abinci da gidajen burodi a unguwannin Hasidim na Brooklyn da Kudus da Antwerp suka ɗauki al'adar manna hoton. Ba shi da wata ƙa'ida mai yawa: a sa shi inda kayan abinci suke, a sama ba a ƙasa ba, kada a kai shi banɗaki, wasu kuma su haɗa da sadaka da sunansa. Na tambayi mai girkin ko yana aiki. Ya yi dariya ya ce yana aiki sosai, musamman in ka toshe ramuka ka share ƙasa. Wanda ya saba ganin hoton Shehu Ibrahim Inyass a shagunan Kano da bayan motocin haya ba zai ji abin baƙo ba. Bambancin shi ne a nan an ware wa hoton aiki guda takamaimai.

Maƙabartar na kan tudun Dereszla, sama da ƙauyen. Hawan na da ɗan wuya ga mai ciwon gwiwa, amma mota na kaiwa kusa. An gina ɗaki a kan kabarin, irin ginin da suke kira ohel. Ga yadda na ga suna yi. Namiji ya rufe kansa, mata na da nasu ɓangaren. Kafin a shiga ana kunna kyandir a wani wuri da aka tanada da tiren ƙarfe, ba a kan kabarin ba, saboda takardun da ke jibge a kai na iya kamawa da wuta. Kowa ya rubuta 'yar takarda, kvitel, da sunansa da sunan mahaifiyarsa, ba na uba ba, sannan buƙatarsa a taƙaice: lafiya, haihuwa, aure, abin sana'a, shari'a a kotu. Ya karanta abin da ya sawwaƙa daga Zabura, ya ajiye takardar a kan kabari, ya jefa kuɗi a akwatin sadaka. In an fito ana wanke hannu da kofi, dama da hagu bi da bi sau uku, kuma da yawansu ba sa gogewa da tawul. Na ga wasu maza tsaye can nesa bayan shinge suna karatu. Su ne zuriyar Annabi Haruna, kohanim, waɗanda shari'arsu ta hana su kusantar gawa ko shiga ƙarƙashin rufi ɗaya da kabari, don haka sai su ba wani takardarsu ya kai. Ni dai gefe na tsaya, ban rubuta komai ba, babu kuma wanda ya matsa mini. Ranar tunawa da rasuwarsa ita ce 3 ga watan Iyar a kalandarsu, wanda ke faɗowa tsakanin Afrilu da Mayu. Ranar dubban mutane ke cika ƙauyen, a kafa manyan tantuna ana rabon abinci dare da rana. Mai son ya gani a natse kada ya je lokacin.

Inda na fi ƙaruwa shi ne zaman da na yi bayan an sauko, da wani dattijo dillalin tsofaffin littattafai da ya zo daga Antwerp. Da ya ji ina tambaya kan layu sai ya ja kujera. Ya ce hoto ai na kowa ne, injin buga takarda ke haifarsa. Abin da masu hali ke nema shi ne abin da hannun shehi ya taɓa. Na farko kwabo ko azurfa da rebe ya sa wa albarka ya miƙa wa almajiri don tsari. Wasu su huda shi su rataya a wuyan yaro, wasu su ɗinke shi cikin riga, wasu su ajiye a akwatin kuɗin shago kuma ba a kashe shi har abada. Sai laya rubutacciya, kameya. Sai wasiƙa mai sa hannun shehi, musamman wadda ya rufe da addu'a, domin suna ganin addu'ar na bin duk wanda takardar ke hannunsa. Sai kayan jikinsa: hula, ɗamarar da ake ɗaurawa lokacin ibada, mayafin addu'a, kofin azurfa, cokali, sanda. Akan yanka tsohuwar riga gunduwa-gunduwa a raba wa zuriya, ango ya sa hular kakansa shehi ranar ɗaurin aure. Har ragowar abinci ma, shirayim: shehi ya ɗanɗana kifi ko burodi a teburin daren Asabar, sauran a rarraba wa muridai loma-loma, kamar dai yadda almajirai ke rububin ragowar malam a wurinmu. Littattafai ma na shiga ciki. Noam Elimelech, na Elimelech na Lizhensk da ya rasu a 1787, ana sa shi ƙarƙashin matashin mace mai naƙuda. Sefer Raziel, da aka fara bugawa a Amsterdam a 1701, ana ajiye shi a gida don tsarin gobara, ko da ba mai karanta shi. Ya kuma ba ni labarin kujerar Nachman na Breslov, wanda ya rasu a 1810, yadda mabiyansa suka kwance ta suka fitar da ita gunduwa-gunduwa daga ƙasar Sobiyet aka sake haɗa ta a Kudus, tana can har yau a wurin ibadarsu.

Ya buɗe wayarsa ya nuna mini hoton wata laya. 'Yar fata ce da ba ta kai tafin hannu ba, an jeme ta ta yi siriri, daga dabbar da ta halatta a ci a shari'arsu, an yi rubutu da baƙar tawada da alƙalamin gashin tsuntsu. Ba a rubuta aya cikakkiya, harafin farko na kowace kalma ake ɗauka a jera, sai ya zama wasu kalmomi da wanda bai sani ba zai ce tatsuniya ce. Zabura ta 91 da ta 121 su aka fi ɗauka don tsari. Akwai kuma aya ta 11 a babi na 19 na littafin Farawa, inda mala'iku suka makantar da mutanen da suka taru a ƙofar Annabi Luɗu har suka kasa gane ƙofa. Ita ake rubuta wa mai tsoron ɓarayi ko maƙiya. Na ce masa labarin na cikin Alƙur'ani, Suratul Ƙamar aya ta 37. Ya ɗaga gira, ya ce ashe maƙwabtaka ta yi nisa.

Dokokin riƙe ta sun yi kama da waɗanda dukawanmu suka sani. Ana naɗe ta a ɗinke cikin fata ko a sa a kwanson azurfa, kuma sai da wannan rufin ake shiga banɗaki da ita. Ba a buɗewa. Ranar Asabar, da shari'arsu ta hana ɗaukar kaya a titi, Talmud, babban kundin shari'arsu, ya yarda a fita da laya ne kawai in ta fito daga hannun gwani, wato wadda aka jarraba sau uku ta yi aiki. In ta lalace ba a jefa ta a shara, binne ta ake yi tare da tsofaffin littattafan addini. Abin da ke kashe ta kuwa zufa ne da danshi: fata ta kumbura, tawada ta ɓare. Ya ce ɓarnar da ta fi ba shi haushi ita ce ta masu manne tsohuwar wasiƙa da roba mai zafi don wai su kare ta, ko su liƙa salatif a inda ta yage. Zafin na dafa takardar, gam ɗin ya ratsa ya bar tabo ruwan ƙasa, kuma ba a iya cirewa. Masu goge tsohon kwabo da man goge ƙarfe ma haka, sun kankare shaidar tsufansa da hannunsu. Takarda marar asid, wuri busasshe, nesa da rana, shi ke nan.

Sai muka zo kan kuɗi, nan ne bakina ya mutu. Akwai kamfanonin gwanjo a Kudus da Amurka da ba su da sana'a sai wannan, kuma wasiƙa guda mai layi kaɗan daga hannun Reb Shayale na iya tashi dubban daloli masu yawa. Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. A 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka kwashe Yahudawan yankin zuwa garin Sátoraljaújhely, daga can zuwa Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suke kashe Yahudawa. Tsakanin Mayu da Yuli na shekarar an kwashe sama da 430,000 daga Hangari. Gidaje aka wawashe, takardu suka ƙone, waɗanda suka san wane ne ya karɓi mene daga hannun wane suka mutu. Abin da ya tsira kaɗan ne, masu nema kuwa sun yi yawa kuma sun yi kuɗi. Inda kaya ya yi ƙaranci shaidu suka ƙare, ɗan damfara ya samu gona.

Ya ce kwabo ba ya magana, don haka ba kwabon ake saye ba, silsilarsa ake saye: wa ya karɓa daga shehi, ya ba wa, ya sauka hannun wa, da takardar shaida daga zuriya ko wani malami da aka yarda da shi. In silsila ta yanke a tsakiya, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Sannan akwai binciken da ko yaro zai iya. Reb Shayale ya rasu a 1925, lokacin kuɗin Hangari korona ne. Pengő bai fara yawo ba sai 1927, forint na yanzu kuwa sai 1946. Duk wanda ya kawo maka pengő ya ce daga hannun shehin ya fito, ka rufe jakarka. Haka dalar Menachem Mendel Schneerson, shehin Lubavitch na New York, wanda daga 1986 yake tsayawa kowace Lahadi yana miƙa wa mutane dala ɗai-ɗai don su yi sadaka. Mutum ya riƙe dalar da shehin ya ba shi, ya yi sadaka da wata a madadinta. Rabon ya tsaya a Maris 1992 da ya samu shanyewar jiki, don haka takardar dala da shekarar bugunta ta wuce nan ƙarya ce tsagwaronta. A wasiƙu kuma ana duba ko shehin ne ya rubuta duka, ko magatakarda ya rubuta shi ya sa hannu, ko hatimi kawai aka buga, kowanne da kuɗinsa. Ana gwada rubutun da wasu wasiƙun da aka tabbatar, a duba irin takardar da tambarin gidan waya. Reb Shayale kan sa hannu da ambaton cewa shi ne wanda ya yi hidima ga shehin Liska, kuma 'yan jabu sun haddace wannan, saboda haka ganinsa kaɗai ba hujja ba ne. Ya tuna mini da tarin wasiƙun Kherson da suka ɓulla bayan yaƙin duniya na farko da sunan Baal Shem Tov da almajiransa, waɗanda masana tarihi suka ce ƙirƙira ce, ko da yake akwai gidan Hasidim da har yau ke kare su.

A ganina nan ne abin ya ɗan karkace. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana raba burodi kyauta, yau takardar hannunsa sai attajiri. Na faɗa wa dillalin haka. Bai ji haushi ba, ya ce shi ya sa talaka ke da hoto da faranti a gidan Kossuth. Su kansu Yahudawa ba bakinsu ɗaya ba a kan lamarin. Musa ɗan Maimun, babban malaminsu wanda ya rasu a 1204, ya yi kakkausan suka ga masu mai da rubutun addini laya. A 1751 rigima ta ɓarke a Hamburg da Altona tsakanin manyan malamai biyu, Yaakov Emden da Yonatan Eybeschutz, a kan wasu layu da na biyun ya rubuta wa mata masu ciki, har ta raba kan malaman Turai. A 1772 kuma malaman Vilna suka yi wa Hasidim ɗin kansu hukuncin ƙauracewa. Wanda ya girma yana jin muhawarar tabarruki da ziyarar kabari tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala zai iya cika sauran hujjojin da kansa, kusan iri ɗaya ne.

Mutanen ƙauyen kuwa fuska biyu gare su. Baƙi sun sayi gidaje da yawa sun mai da su masauki, kuɗin gida ya tashi. Wanda ya sayar yana murna, saurayin da ke neman inda zai ajiye amarya yana guna-guni. Wata tsohuwa da na tambaya hanya ta amsa da fara'a har ta raka ni kwana, wani mai shago kuwa ko gaisuwa bai amsa ba.

Sauran wuraren a gurguje na bi su. Olaszliszka, wato Liska, na gaba kaɗan a kan hanyar arewa, nan kabarin Tzvi Hirsch malamin Reb Shayale yake, shiru ba kowa. Sátoraljaújhely na bakin iyakar Silobakiya, a can Moshe Teitelbaum yake kwance, wanda ya rasu a 1841 kuma ya fi kowa suna da rubuta layu a ƙasar. Na tarar da ƙofa a kulle, sai an kira mai makulli. A Mád akwai wurin ibadarsu da aka gina a 1795, an gyara shi ya yi kyau, ana biyan kuɗin shiga.  Mai niyyar zuwa kada ya sa tafiyarsa daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar, ba a ɗaukar hoto, ba a taɓa kuɗi, ba mai amsa waya. Ya riƙe forint a hannu don ƙananan wurare ba lallai su karɓi kati ba, ya tafi da hula da abin sallarsa, don ban ga masallaci ko ɗaya a yankin ba.